Kakanmu ya zo Jos aikin kuza daga ƙasar Malumfashi, ta ina zan fara neman asalinmu?

Ɗan Bukuru:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar binciken tarihi. Ni haifaffen Bukuru ne, babana ma nan aka haife shi, amma kakanmu ba ɗan nan ba ne, daga ƙasar Katsina ya zo aikin kuza kuma bai sake komawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Abin da muka sani kaɗan ne wallahi. Yana cewa shi mutumin ƙasar Malumfashi ne, gidansu gidan maƙera ne, kuma ba da son ransa ya zo ba, dagaci ne ya sa sunansa cikin waɗanda za a kai, da wa'adinsu ya cika sauran suka koma shi kuma heluma ya riƙe shi saboda ya iya gyaran diga da shebur, daga nan ya yi aure ya zauna. Sai wata magana da babana ke yawan maimaitawa, wai kakan yana bariki aka zo musu da labarin rasuwar Sarki Dikko, ranar Katsinawan da ke wurin ba wanda ya iya cin tuwo.

Sunan ƙauyen kuma irin sunan nan ne na Unguwar wane, na duba taswirar waya na ga irinsa ya fi ɗaya tsakanin Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, ban san wanne ne namu ba. Baba ya rasu, saura goggonmu guda ɗaya a Barikin Ladi, ta tsufa sosai, wata rana ta ba ka labari tiryan-tiryan wata rana kuma ta kira ka da sunan wanda ya mutu tun tuni.

Ba maganar takardar ɗan asalin jiha nake ba fa, wannan rigima ce daban duk ɗan Jos ya san ta. Yarona ne aka ce su rubuto asalinsu a makaranta, na ce masa Katsina, ya ce ina a Katsina, na yi shiru. Wani ya ce min akwai littattafan tarihin garuruwa da ake bugawa, sannan akwai wurin ajiyar tsofaffin takardu a Kaduna da Turawa suka rubuta sunan kowa da kowa. Gaskiya ne? Kuma ni ɗan kasuwa ne sakandare na tsaya, za su bar irina ya shiga ko sai ɗan jami'a?

Na-Galadima:

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ai ba ƙaramin abu gare ka a hannu ba, wasu da ƙasa da haka suka fara. Bari in fara ɗaure maka shekara. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya hau 1906 ya rasu 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Wannan ɗibar da aka yi ma kakanka kuma ita ce tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin Hitila da Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai aka juyo kan Jos, aka yanka ma kowane lardi adadin mutanen da zai kawo, sarki ya raba ma hakimai, hakimi ya raba ma dagatai, dagaci kuma ya duba wanda ba shi da mai tsaya mashi. To ka ga labarin babanka biyu sun haɗu wuri guda, kakanka ya bar gida tsakanin 1942 da farkon 1944. Idan saurayi ne a lokacin to haihuwarsa ba za ta yi nisa da 1920 ba.

Maganar Kaduna kuwa rabi gaskiya ce. Wuri biyu ne, akwai National Archives a kan titin Yakubu Gowon, akwai kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda aka kafa 1970, yanzu kuma yana ƙarƙashin ABU. Ba sai ɗan jami'a ba, ka je da katin shaida ka yi rajista ka faɗi abin da kake nema, sai dai ka tafi da wanda idonsa ya saba da rubutun hannu na Turawan da, don wani rubutun ko malamin Turanci sai ya yi gumi. Amma wai an rubuta sunan kowa da kowa, wannan kam a'a. Bature haraji ya dame shi ba zuri'a ba. Abin da za ka samu shi ne rahoton kimanta haraji, Di'o ya zagaya gunduma bisa doki ya ƙirga ƙauyuka, gida nawa, magidanta nawa, shanu nawa saboda jangali, masaƙa nawa, marina nawa, maƙera nawa, sannan ya rubuta ɗan tarihin gidan hakimi da na dagatai yadda aka faɗa mashi. Sunan da ke fitowa na mai rawani ne. Talaka in ka ga sunansa to shari'a ta kai shi, ko ya yi gardamar haraji. Jerin sunayen masu biyan haraji gida-gida malaman haraji na En'e ne suka riƙe shi a ofishin hakimi, kuma yawancinsu gara da ruwan sama sun gama da su.

Duk da haka rahoton zai yi maka amfani ta fuska ɗaya babba, jerin ƙauyuka. Zai nuna maka wace unguwa ke ƙarƙashin wane dagaci a wancan lokacin, kuma tunda ana ƙirga maƙera za ka ga inda suka taru. Ƙira ba sana'ar da ake tsinta a hanya ba ce, gado ce, kuma kusan duk gari mai tsufa akwai Sarkin Maƙera, shi ma ya san gidajen maƙeran da ke ƙarƙashinsa har da waɗanda suka watse.

Abu biyu da ke ɓatar da mutane a can. Na ɗaya kada ka tsaya neman Malumfashi kaɗai a jerin fayil, a Katsina Turawa da sarautar hakimi suke kiran gunduma, Malumfashi gundumar Galadima ce, kamar yadda Rimi take ta Ƙaura, Dutsin-ma ta 'Yandaka, Mani ta Durɓi. Na biyu Katsina ba ta zama lardin kanta ba sai 1934, kafin nan tana cikin lardin Zariya tun 1926, kafin nan kuma tana cikin lardin Kano. Saboda haka bayan fayilolin KATPROF na lardin Katsina ka leƙa ZARPROF na Zariya da KANOPROF na Kano da kuma SNP, wato na sakatariyar Arewa. Mutum sai ya duba na Katsina kaɗai ya dawo ya ce babu. Sunayen garuruwa ma yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, Tsafe ai Chafe suka sa, to ka riƙa karantawa da ƙarfi kana saurare.

Amma ni in ka bi tawa, kafin Kaduna ka fara da jami'o'i. Ɗaliban tarihi da na Hausa a ABU da BUK da jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-ma shekara da shekaru suna rubuta kundin kammala karatu a kan tarihin garinsu, kusan ba garin kirki da ba a yi mashi ba. Wasu kundayen ba su da wani ƙarfi, kwafe-kwafe ne, amma ka juya can baya inda ɗalibi ya jera dattawan da ya yi hira da su, suna da shekaru da unguwa da sana'a. Wannan shafin shi nike fara dubawa. Ko dattijon ya rasu gidansa na nan.

Maman Ilham:

Malam Na-Galadima Allah ya ƙara sani, amma ni dai ƙanena ka ajiye maganar Kaduna da jami'a tukuna, fayil ba ya mutuwa gobe, goggo fa? Ranar Juma'ar nan ka sayi goro da turare da ɗan abin da take so ka tafi Barikin Ladi. Kuma kada ka je mata da biro da takarda kana jero tambaya kamar ɗan sanda, tsoho in ka matsa masa sai ya rikice ko ya faɗa maka abin da yake ganin kana son ji. Ka kunna rikoda a waya ka kife ta a gefen tabarma, ka tafi da matarka ko wata 'yarta da suka saba, a yi ta hira. Da safe bayan ta karya ta fi wartsakewa, tsofaffi da yamma kansu ya gaji.

Ni haka na yi da kakata ta wajen uwa kafin ta rasu, in na ce mata wace shekara sai ta ce oho, amma in na ce Inna wa ya yi miki kitson aure sai labari ya ɓalle, daga mai kitso a koma uwar mai kitso, a koma garin da aka auro ta, sunaye su yi ta zubowa. Ku maza in kuna lissafin asali wane ɗan wane ɗan wane kawai kuke bi, alhali mata su suka riƙe wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wa ya sha nonon wa. Ka tambaye ta sunan kakar, wato uwar kakanku, da sunan ƙannensa mata, da ko wani ya taɓa zuwa daga gida gaisuwar mutuwa ko biki. Ka tambaye ta zanen fuskarsa, guda nawa a kowane kunci, akwai bille ko babu, in da tsohon hotonsa ma ka nuna wa tsohon wanzami, su suna ganin aska su ce maka ta mutanen wuri kaza ce. Sunan da ake kiransa da shi na ƙuruciya ma ka nema, don a ƙauyensu wataƙila ba wanda ya san sunansa na yanka, da Tanko ko Ɗanjuma ko wani laƙabi suka san shi.

Sannan ranar da Allah ya sa ka gano garin, dan Allah tun a zauren mai unguwa ka faɗa da bakinka cewa zumunci ya kawo ka ba gona ba. Mutumin da ya ɓace tun 1940 da wani abu, rabonsa na gado wani ya daɗe yana nomawa, jikoki su ga baƙo daga birni da mota yana tambayar sunan kakansu, wallahi sai kowa ya ce bai taɓa jin sunan ba. Kuma ka san halin da yankin nan ke ciki na tsaro, kada ka kama hanya kai kaɗai, ka samu ɗan gari a cikin Malumfashi ya faɗa maka inda ake shiga da inda ba a shiga.

Bakanon Dabo:

Ni littattafan tarihin gari ɗin nan da ka ambata nake so in yi magana a kai, don ina da su cike da kwali. Yawanci ba a kanti ake samunsu ba, ranar naɗin sarauta ko cikar hakimi shekara kaza a kan gado ake ƙaddamarwa, a buga kwafi kaɗan a raba wa manyan baƙi, shi kenan. In kana nema ka tambayi sakataren hakimi, ko tsohon hedimasta na garin, ko ƙungiyar ci gaban gari, ko hukumar tarihi da al'adu ta jihar Katsina, mu nan Kano ma muna da irinta.

Amma ka karanta da ido biyu. Wanda ya biya kuɗin bugu shi ne gwarzon littafin. Babi na farko kullum daga gabas aka zo, wannan daga Barno, wancan daga Misira, wancan daga Yaman, wani maharbi ya sauka gindin tsamiya ya kashe wani abu, sai ka rasa to wa aka tarar a wurin. Babi na biyu jerin sarakuna, na uku hotunan masu kuɗin garin da manyan ma'aikata. Gidan da aka ƙwace wa sarauta layi ɗaya za a ba su ko a tsallake su gaba ɗaya. Maƙeri kuwa sai dai a ce garin ya shahara da ƙira a wuce.

Ba wai ba su da amfani ba ne. Jerin dagatai da shekarun da kowa ya yi yana taimakawa ƙwarai, domin tsoho ba zai ce maka 1930 ba amma zai ce zamanin dagaci wane, kai kuma sai ka sa a ma'auni. Haka manyan abubuwa, zuwan Turawa 1903, isowar jirgin ƙasa Kano 1911, babbar yunwar 1913 zuwa 1914, zuwan Sarauniya 1956, duk da su tsofaffi ke auna haihuwa da aure. Sunayen tsofaffin unguwanni da kufai ma a irin littattafan nan ake tsintarsu. In kuma kana son ka ga yadda aikin gaske yake, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ɗan Musawa ne, maƙwabtanku, ya bi garuruwan Katsina yana hira da dattawa kafin ya fitar da littafinsa na tarihin Katsina a 1981, sai dai shi ya tsaya a 1883, ba zai kawo maka kakanka ba amma zai nuna maka yadda aka cika kudancin Katsina da mutane da inda suka fito.

Wani abu kuma da ba a so a faɗa, ka shirya wa abin da za ka tarar. Ƙasar Malumfashi da Ƙafur har yau akwai Maguzawa, kuma akwai gidaje da yawa da musuluntarsu ba ta wuce kaka biyu ko uku ba. Akwai kuma garuruwan da asalinsu rinji ne, wato ƙauyen bayi. Na san wanda ya fara bincike da zafinsa yana jiran ya ji shi jinin sarauta ne, da labari ya juya sai ya ce wai dattawan garin sun rikice. In ba za ka iya gaya wa yaronka duk abin da ka samo ba to gara ka tsaya a Katsina ɗin da ka ce masa.

Alaramman Tudun Wada:

Bakano an zo da tsoratarwa, ku da kowa a Kano in an tambaye shi sai ya ce shi Bamalle ne ko sharifi, mu Zage-zagi dai muna kallonku. Amma maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ba abin kunya ba ne, ba wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi.

Ɗan Bukuru akwai takardu iri biyu da ba a ambata ba kuma su ne talaka ke fitowa a ciki da sunansa. Na farko littafin kotun alƙali. Tun zamanin En'e alƙalai na da muhuti mai rubuta shari'a, da Larabci, daga baya da Hausa, kuma shari'ar rabon gado ba ta yiwuwa sai an jero magada kaf, mata nawa, 'ya'ya maza su wane, mata su wance, wane yana nan wane ya yi tafiya ba a san inda yake ba. Idan uban kakanka ya rasu ya bar gona ko shanu aka je gaban alƙali, to akwai yiwuwar sunan kakanka na nan a matsayin wanda ba ya gari. Shari'ar aure da ta fansar bayi ma haka, ana rubuta suna da sunan ubangida da garin da aka fito. Ba duka suka tsira ba, wasu na Kaduna wasu na hukumomin tarihi na jiha wasu kuma suna jibge a sito na tsofaffin kotuna, sai ka samu tsohon magatakarda ya yi maka jagora. Ni na taɓa bin wani irin wannan a wata kotu, aka buɗe mana ɗaki muka tarar rabin littattafan sun manne da juna saboda yoyo, amma wanda ya buɗu rubutun tawadar nan raɗau kamar jiya aka yi.

Na biyu a gida yake. Ka tambayi goggo ina gafakar kakan ko ta babanku take. Mutanen da ko ba malamai ba ne suna kai wa liman ya rubuta musu ranar haihuwar yaro a bangon Alƙur'ani ko a wata 'yar takarda a soke cikin gafaka, an haifi wane ranar kaza ga watan kaza. In kuma Alƙur'anin rubutun hannu ne ka duba ƙarshensa, marubuci yakan sa sunansa da na ubansa, wani har garinsu da malaminsa. Shekarar Hijira za ka gani, lissafinta ba wuya, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, misali 1361 zai ba ka 1942. Kada ka yarda a ba yara su yi ta juyawa, takardar ta bushe karyewa take, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa ka mayar yadda ka same shi, in ajami ne ko Larabci ka turo nan mu karanta maka.

Ɗan Bukuru:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya jiƙan magabata. Malam Na-Galadima wallahi ban taɓa sanin abin yana da suna ba, ɗiban gwamna, mu dai mun taso muna jin an kamo shi. Maman Ilham na kira 'yar goggo ta ce jikin da sauƙi kwanan nan tana gane mutane, Juma'a in sha Allahu ina can ni da mai ɗakina. Ta kuma ce akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadon goggo da ba ta bari a taɓa, ta taɓa hango takardu a ciki da wani ƙaramin hoto, to sai dai a lallaɓa. Bakano duk abin da na tarar zan faɗa wa yaron, maƙeri ne dai ko Bamaguje ne ko bawa ne shi ya haifi ubana. Abin da ya rage min shi ne yadda zan raba ƙauyukan nan masu suna iri ɗaya in goggo ba ta tuna sunan dagacin ba.

Na-Galadima:

Ko ba ta tuna dagaci ba ka tambaye ta wace kasuwa yake cewa suna ci, kuma wace rana take ci. Maƙeri ba ya manta kasuwar da ubansa ke kai fartanya da lauje, dole ya yi ma 'ya'yansa labarinta, kuma kowace unguwa da kasuwar da take bi da ƙafa. Ka haɗa da sunan rafi ko dutse in ta ambata. In ka samo waɗannan ka dawo nan ka rubuta, ina da abokin aiki ɗan Ƙafur da ya yi aikin rigakafi ƙauye-ƙauye a yankin, zan tura mashi ya duba mana.